Kofin Jinƙai na Zakarun Taɓo

Mai girma shugaban ƙungiyarmu, Datuk Bonifas, wanda da izininsa aka miƙo mini wannan abin magana, kuma nan da ɗan lokaci zai so ya karɓe abinsa. Mai girma uwargidansa, Datin Marselina, wadda ita kaɗai ce a babban teburin can ta taɓa wanke taɓo daga wandon wani. Mai girma wakilin ofishin gandun daji, wanda cin abinci ya kawo shi, amma ina roƙonsa ya ci da baki ya bar mini kunnuwa. 'Yan kasuwa masu sayar mana da taya da fitila da wayar janwe, waɗanda ba su taɓa yin fushi da mu ba ko me muka ɓata. Dattawan ƙungiya waɗanda muka fara shiga daji tare tun motocinmu na yoyo ta rufi. Samari sababbin shiga masu manyan tayoyi. Mata da yaran da ake bari a gida kowane ƙarshen mako. Ma'aikatan wannan otal da ke tsaye jikin bango riƙe da faranti. Jama'a baki ɗaya, Musulminmu da Kiristanmu: ina yi muku sallama, ina yi muku barka da zuwa walimar shekara ta Zakarun Taɓo.

Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni minti biyar in miƙa Kofin Jinƙai na bana. Ina godiya ga wanda ya goge kofin, ga shi nan sai ƙyalli yake yi. Ina kuma godiya ta musamman ga wanda ya ba da shawarar cewa ni ce zan miƙa shi, domin ko ya san ni ƙwarai, ko bai san ni ba ko kaɗan.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Dorotia. Tarihi nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma shekaru da yawa ke nan ni ce motar ƙarshe a ayarin ƙungiyar nan. Aikin motar ƙarshe shi ne ta bi bayan kowa, ta janyo wanda ya maƙale, ta tsinci bamban motar da ya faɗi, ta tsinci gwangwanin da aka wurgo ta taga. Motar gaba tana ganin daji. Motar ƙarshe tana ganin abin da muka bar wa daji.

Na lura tun ɗazu wasu suna ta ɗaga hanci suna kallon maƙwabtansu, manaja kuma ya zagaya zauren nan sau biyu yana sunsuna labule. Ku daina zargin juna. Duriyan ne, ɗan itacen nan mai ƙaya da ƙarfin wari, ni na shigo da shi, yana cikin kwando a ƙarƙashin teburin nan. Na ga hotonsa a ƙofar otal an ja masa jan layi, wai an hana shigowa da shi. Manaja, ka yi haƙuri, saƙo ne aka ba ni, kuma zan zo kansa.

Maganata huɗu ce, a kan tafiyar da ta ci wannan kofi, wato tafiyar taimako zuwa ƙauyen Tindalon a watan Janairu.

Ta farko, jinƙanmu. Ban san wata ƙungiya a faɗin jihar nan tamu ta Sabah da ta kai mu tausayi ba. Wasu sukan jira hanya ta bushe su kai taimako cikin sauƙi. Mu kuwa tausayinmu ba ya motsawa sai ruwa ya yi mako yana zuba, sai ƙasa ta yi laushi kamar kunu, sai mun tabbata taɓon zai kai gilashi. A ranar da ake shirya tafiyar na ɗaga hannu na ce, me zai hana mu bari damina ta wuce? Dexter, ga shi can da jar riga, shi ya ba ni amsa. Ya ce, "Haba Anti, in hanya ta bushe ina daɗin? Ai ko motar matata sai ta je." Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa, "In gwiwa ce ta fara ciwo ki faɗa mana, Anti, mu haɗa kuɗi mu saya miki man zafi." Aka sake yin dariya. Dexter, har yau ina jiran man zafin. Ban bi ku ba, kuka tafi babu motar ƙarshe, kuka dawo jarumai.

Mota talatin da wani abu ta tashi daga nan Kota Kinabalu, ɗauke da kayan da akori-kura guda za ta kwashe har ta rage wurin fasinja. Me kuka kai? Shinkafa. Farar shinkafar kanti, a buhunan leda, kuka kai wa mutanen da tun kakanninsu suke noma jar shinkafar tudu mai ƙanshi, irin wadda Datin ke aikawa kasuwar mako a nemo mata da tsada in za ta yi baƙi. An ce in gaya muku kajin Tindalon sun gode, sun yi ƙiba. Kuka kai tsofaffin tufafi, a ciki har da rigar sanyi mai gashi ta ɗan wani da ya yi karatu a ƙasar ƙanƙara, da takalmi mai tsini ƙafa ɗaya. Kuka jera yaran ƙauyen a gaban babban ƙyalle mai ɗauke da sunanmu, kuka ce su yi murmushi, suka yi, domin yara ne masu tarbiyya.

Na karanta tarihi gwargwadon abin da idona ya ba ni, kuma ban taɓa cin karo da rundunar da ta shiga ƙauyen wasu ta ce ɓarna ta kawo ta ba. Kowace taimako ta zo yi, kuma kowace da tutarta.

Ta biyu, hanya. Kun san hanyar Tindalon: tsohuwar hanyar masu yankan katako ce, kamfanin ya kwashe abin da zai kwasa ya tafi ya bar ta. A ƙasar gwamnati take, kowa na da ikon bi, wannan gaskiya ne, kuma na ji ana maimaita ta a wayoyinmu har ta gaji. Abin da ban ji ana maimaitawa ba shi ne wanda yake gyara ta. Kowace shekara mutanen ƙauyen ke yin gayya, maza da mata, da fartanya da diga da kwando, su cike rami, su share magudana, su shimfiɗa itace inda ruwa ke kwanciya. Motar gyaran hanya ba ta taɓa hawa can ba. Hanyar kowa ce ranar bi, ta mutanen Tindalon ce ranar gyara.

Tayar Dexter ta kai mini ƙugu, na gwada ɗazu a waje. Ku ɗauki taya irin wannan, ku ninka sau huɗu, ku ninka sau talatin, ku sa ta haƙa jiƙaƙƙiyar ƙasa shiga da fita. Abin da ya rage shi ne kwari biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, da doron ƙasa a tsakiyarsu. Motocinku dogaye ne, doron ba ya taɓa cikinsu. Amma mota guda ce a Tindalon, akori-kurar Juslin, mai taya irin ta mutane. Ita ke fitar da citta kasuwa, ita ke ɗauko malamar asibiti, ita ke dawo da yara daga makarantar kwana in an yi hutu. Ran da Juslin ya gwada fita bayan tafiyarku, motarsa ta hau doron nan ta zauna a kan cikinta kamar kunkurun da aka ɗora a dutse, tayoyi suna juyi a iska. Cittar da ke bayanta a nan ta ruɓe. Malamar asibiti ta koma zuwa a ƙafa, in ta samu zuwan.

Da kwamiti ya aike ni can, saboda mahaifiyata 'yar wancan kwarin ce kuma ina jin yaren, Juslin ne ya tare ni a bakin hanya. Na ce, "Juslin, yaya mota?" Ya ce, "Tana hutawa, Malama, kaji na ƙwai a kujerar gaba." Muka yi tafiya kaɗan, ya tsaya ya leƙa kwarin da ruwa ya cika, ya ce, "Ki gaida mini Datuk. Ki ce mun ga koguna biyun da ya gina mana, Allah ya saka. Kwale-kwalen kawai muke jira."

Kuma ba a nan jarumtarmu ta tsaya ba. Duk inda tsakiyar hanya ta yi zurfi, sai na baya ya kauce ya buɗe sabuwa a gefe, na bayansa ya buɗe wata a gefen tasa, har wuri guda na ƙirga hanya biyar a inda Allah da kamfanin katako suka bar guda. Da kuka gama, kuka gangara rafi kuka wanke motocinku tsaf, a saman inda bututun ruwan shan ƙauyen yake ɗiba. Tsafta abu ne mai kyau, ban ce komai ba.

Ta uku, itace. Dexter, zauna, ban gama ba, naman ba zai gudu ba.

Kafin a shiga ƙauyen akwai hawa mai santsi, kuma a saman hawan akwai itacen duriyan guda, babba, wanda mutum uku ba za su rungume ba. Ranar ruwa babu motar da ke hawa wurin da ƙarfinta, sai an zaro wayar janwe daga goshin mota an ɗaura a wani abu mai ƙarfi, injin ya naɗe wayar ya ja motar sama. Duk wanda ya shiga ƙungiyar nan, ranar farko ana ba shi faffaɗan maɗauri, a ce masa, "Wannan za ka zagaya wa itace, sannan ka maƙala waya a jikinsa, kada ƙarfe ya taɓa ɓawo." Ni da hannuna na raba wa mafi yawanku. Na leƙa bayan motoci a waje kafin in shigo, na ga maɗauran nan lafiya lau, wasu ko daga ledarsu ba a fitar ba. Ina yaba muku da adana kaya.

A ranar, ana ruwa, ana ɗaukar bidiyo, kowa na son a gan shi yana sauri. Na farko ya zagaya wa itacen tsurar waya ya hau. Na biyu ya ga gurbin da na farko ya yi, ya sa tasa a ciki. Haka har mota ta ƙarshe, kowace waya tana ƙara cin abin da ta gabanta ta bari, har ɓawon ya yanke ya zagaye ya haɗu. Kuka sa wa bidiyon kiɗa kuka watsa wa duniya. Mutanen Tindalon ma suna da waya, in sun hau tudu tana kamawa. Ba su sha wahalar neman shaida ba, har lambobin motoci kun haska musu.

Itacen na Odu Lomiah ne, tsohuwar da duk ƙauyen ke kira kaka. Da ta gan ni ta riƙe hannuna ta ce, "Dorotia, 'yar Sinim, kin yi ƙiba, birni ya karɓe ki. Zo ki ga sarƙar wuyan da abokanki suka saya wa babana." Ta ja ni har gindin itacen, ta sa yatsanta a cikin yankan, yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Mahaifinta ne ya dasa shi shekarar da aka haife ta. Lokacin da masu awo suka zo shata iyakar gandun daji, ba ta da takarda ko guda da za ta nuna. Itacen nan ta nuna musu, suka duba girmansa, suka karkata layinsu suka bar mata gangaren. Ta ce mini, "Ku 'yan birni kuna ajiye takardunku a akwati. Tawa a waje take kwana, ban taɓa tunanin sai na sa mata mai gadi ba."

Itacen da aka yanke wa ɓawo zagaye ba ya faɗuwa nan take. Yakan tattara abin da ya rage masa ya yi 'ya'ya irin wanda bai taɓa yi ba, sannan ya bushe a tsaye. Bana itacen Odu ya yi 'ya'ya har rassa na karyewa. Da na koma makon jiya, ta zaɓo manya ta cika kwandon nan, ta ce, "Kai musu. Su ba su zo mana hannu rabbana ba, mu ma ba za mu bar su haka ba." Na ɗauki kwandon zan tafi, ta kira ni ta ce, "Ki ce su ci a hankali. Babu na baɗi."

To ga shi nan. Datuk, naka ne babban, ita ta ware maka.

Ta huɗu, gora. Bayan tafiyarku mutanen Tindalon sun gicciye gora biyu a bakin hanya. Babu kwaɗo, babu mai gadi, yaro ma zai iya ɗagawa. Wata bakwai ke nan tana wurin, kuma wata bakwai ke nan muna fama da ita a wayoyinmu. Mun rubuta cewa haƙƙinmu ne. Mun rubuta cewa ba su da godiya. Lauyanmu Rizal ya yi mana dogon bayani a kan dokar ƙasa, mai kyau ƙwarai, na karanta har ƙarshe. Wani, ba zan kama suna ba tunda matarsa na nan, ya rubuta cewa gora ai ba ta tsayar da bamba.

Daga ƙarshe Datuk ya kira ni ya ce, "Dorotia, je ki lallaɓa su. Ki ce baɗi za mu ninka shinkafar, kuma za mu kafa musu allo mai sunan ƙauyen, da tambarinmu ƙarami a ƙasa." Na je na faɗa wa mai gari, Aki Gansau, yadda aka aiko ni, ban rage ba ban ƙara ba. Ya daɗe yana tauna goronsa na ganye. Sannan ya ce, "'Yata, mun san sunan ƙauyenmu." Ya tofar, ya ce, "Ƙasa ta yi zafi. Sogit za a yi."

Kada wani a zauren nan ya yi mini fuskar wanda bai san sogit ba. Rabinku kakanninku a ƙauye suke kwance, sauran kuma kun auro daga can. In aka yi wa ƙasa ko mutanenta laifi, gari yakan ɗauki zafi, kuma ba a shuka a ƙasa mai zafi. Mai laifi ke kawo dabba, a yanka, a sanyaya gari, a zauna da shi a ci, daga nan kuma ba a sake tayar da maganar har abada. Ba tara ba ce da ake aikawa da direba a ambulan. Aki Gansau ya faɗi sharuɗɗansa a gaban jama'arsa, kuma ga su. Ɓauna guda, irin ta gida da ake kiwo. A ajiye motoci a bakin gora a shiga a ƙafa, ta kan hanyar da aka haƙa, domin ƙafa ta ga abin da taya ba ta gani ba. Duk hannun da ya riƙe sitiyari a ranar ya riƙe igiyar ɓaunar, ko na ɗan lokaci ne. Kowa ya zo da fartanya, domin bayan an ci nama akwai kwari biyu da ke jiran ƙasa. Liman daga ƙauyen gaba zai yanka, don kada wani ya ce addini ya hana shi zama.

Kuma akwai wa'adi. Sun share gonakin tudu, sun ƙona su, iri na jira. Asabar mai zuwa ita ce ta ƙarshe kafin shuka. In ta wuce ba mu je ba, za su sanyaya ƙasarsu da kansu, da tasu dabbar, sannan su sauko ofishin gandun daji su roƙi a sa ƙofar ƙarfe a madadin gora. Ranka ya daɗe wakili, ba zan sa ka magana da abinci a baki ba, amma na ga ka gyaɗa kai, kuma jama'a ma sun gani.

Dattawa, ku gaya wa yaran nan abin da ƙofar ƙarfe take nufi. Ina hanyar Kogin Malubang, inda muke kwana a kan yashi? Ƙofa. Ina hanyar Tudun Sarayo, inda aka koya wa rabinku sa giyar ƙarfi? Ƙofa. Ina tsohuwar hanyar ma'adinai ta bayan Kinolosan? Ƙofa, har da waya mai ƙaya. Kowace a cikinsu da gora aka fara, kowace sai da aka yi mana magana a hankali, kowace muka amsa da haƙƙinmu, kuma ba a taɓa cire ƙofa ko guda ba. Ƙofar ƙarfe kuwa ba ta tambayar wane ne ya yi laifi. Za ta tsayar da mu, ta tsayar da ƙananan ƙungiyoyin da ba su taɓa taka ko tsiro ba, ta tsayar da masu zuwa kallon tsuntsaye, ta tsayar da 'ya'yanku da ke zaune a nan suna jiran ƙafarsu ta kai totur.

Kada ku ɗauka na tsani wasan nan ne. Marigayi mijina Ignatius ne ya koya mini tuƙi a kan wannan hanya ta Tindalon, yana gefe yana riƙe da ƙofa yana kiran sunayen waliyyai. Akwai wani wuri a doron tsaunin da in ka kashe inji da sassafe, gajimare na kwance a ƙasa da kai, kana jin fukafukan cilakowa kafin ka gan ta. Can na kai shi zagayensa na ƙarshe, lokacin da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, kuma ba don mota ba da bai sake ganin wurin ba. Wannan shi ne abin da mota mai ja da ƙafa huɗu take yi in tana hannun mai hankali. Hanyar Tindalon ita ce doguwar hanya ta ƙarshe da ta rage mana a wannan ɓangaren, kuma ba zan zauna ina tafi ana raba kofi a kan kabarinta ba.

Na kai wa kwamiti sharuɗɗan nan tun wata biyu da suka wuce. Me kwamiti ya yi? Ya kafa ƙaramin kwamiti. Ƙaramin kwamiti ya zauna a gidan shayi, ya dawo da tambaya guda, wadda Datuk ya yi mini da kansa: "To Dorotia, mu yanzu a ina za mu samu ɓauna?" Jama'a, mutanen da ke iya samo ƙarfen giya daga Japan kafin mako ya zagayo, ɓauna ta gagare su a Sabah. Na tausaya musu, kun san ƙungiyarmu da tausayi. Don haka na cire janwen motata da manyan tayoyina na sayar, na tafi kasuwar dabbobi ta Kota Belud, na ari babbar motar ƙanena.

Ɓaunar tana waje. Ku bar tagar, ba inda za ta je. Tana filin ajiye motoci, ɗaure da ƙugiyar gaban motar shugaba, tana cin furannin otal, manaja wannan ma ka yi haƙuri. Datuk, zauna, kwantar da hankalinka. Da faffaɗan maɗauri na ɗaure ta, naka ne ma, na fitar maka da shi daga leda. Fentin bambanka ba zai ƙuje ba. Na san yadda mutum yake ji in aka zagaya wa abin da yake ƙauna tsurar waya.

Na kawar muku da wahalar ɓauna, amma ba zan iya ara muku hannu ba. Ni ban riƙe sitiyari a ranar ba, kuma Aki Gansau yana da bidiyon, ya san fuskar kowa. In na je ni kaɗai da ita, nama kawai na kai.

Bayan Asabar, in Allah ya sa an ɗaga gorar, ina da buƙatu kaɗan da zan kawo zauren ƙungiya: kada ayarinmu ya sake hawa hanyar ƙauye ana tsakiyar ruwa, kada mu shiga sai mun tambayi masu gyara ta, mun kuma tambaye su abin da suke so a kawo musu, wataƙila buhun siminti ne ba takalmi mai tsini ba, waya kada ta sake taɓa ɓawo, inda hanya guda ce, guda za mu bari, kuma in motar ƙarshe ta ce a juya, a juya. Amma wannan duk maganar gobe ce, kuma babu goben sai an yi Asabar.

Yanzu sai kofi. An rubuta a jikinsa cewa na waɗanda suka fi kowa jinƙai ne a bana, kuma ba ni da ikon canza rubutun. Amma kofi ne mai zurfi, kuma na samo masa aiki. Tafiyar Asabar ba ta buƙatar mota talatin. Bas guda za ta kai mu bakin gora, na riga na yi magana da direba. Duk wanda zai je, ya jefa makullin motar dajinsa a nan, Datin ta riƙe mana, ya karɓi abinsa a Tindalon bayan an ci nama. Matanku sun zo da ƙananan motoci, za su kai ku gida, ai Dexter ya shaida mana motar matarsa ba inda ba ta zuwa. Ku zo da takalmin roba da gishiri saboda matsattsaku. Wanda gwiwarsa ke ciwo ya faɗa mini, ni zan sayo man zafin.

Ga nawa makullin, kun ji ƙararsa. Ni ce motar ƙarshe, amma yau kaɗai na yarda in shiga gaba. Ɗiyata mai farar riga, ajiye farantin nan, ɗauki kofin ki fara da babban tebur. Ki tsaya a gaban Datuk. Kada ki yi sauri, muna da lokaci, kuma kowa na kallo.

Allah ya sanyaya ƙasar Tindalon, ya sa irin da za su shuka ya fito. Allah ya ƙara wa Odu Lomiah kwana har ta ga ƙwallon da za mu dasa mata ya yi ganye, don haka in kun ci duriyan ɗin kada ku jefar da ƙwallayen, ku mayar mini cikin kwando. Allah ya sauko da motar Juslin daga kan doro. Allah ya ba shugabanninmu ƙafafu masu ƙarfi da zuciya mai laushi, ya ba samarinmu hankali daidai da girman tayoyinsu. Allah ya bar mana gora, ya raba mu da ƙofar ƙarfe. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, a kujerar fasinja.

Na gode.